Kuɗin marayun da na rubuta da sunana

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ba ta cewa ɗan riƙo. Ɗan tallafi take cewa. A gidanmu na Gwammaja a Kano ba a taɓa rasa yaron da ba a gidan aka yanke cibiyarsa ba, ko ɗan ƙanwar wance, ko jikan makwabcin da ya rasu, kuma ba wanda ya taɓa zuwa kotu ko ya sa hannu a takarda. Ana kawo yaro da 'yar ƙullin kayansa, a nuna masa tabarmarsa, shi ke nan. Sai ga shi kalmar ta biyo ni har Amurka ta rabu gida biyu: ga yaran tallafi a ɗakina, ga kuɗin tallafi da gwamnati ke turowa saboda su. Rashin sanin inda kowanne yake zama a kan takarda shi ya kusa kwantar mini da miji.

Mun zo Amurka a 2006, maigida ne ya ci cacar biza. Muka zauna a Bronx, wani yanki na birnin New York, inda in ka shiga wasu masallatan ranar Juma'a sai ka rantse a zangon Kumasi kake ko a Maraɗi. Shi yana tuƙin tasi, ni ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Allah ya ba mu 'ya ɗaya, Ummi, daga ita kuma shiru. Ƙanwata da muke ciki ɗaya ta biyo ni bayan wasu shekaru, aure ya kawo ta. Mijinta ya rasu a 2016, ya bar ta da yara biyu. A 2017, ina Kano jinyar mahaifiyarmu, ita ma ta faɗi a ɗakinta, aka kai ta asibiti, ba ta fito ba. Baffa yana da shekara 6, Auta tana da 2. Kafin in samu jirgi in dawo, hukumar kula da yara ta kwashe su ta kai gidan wasu mutane, domin maigida bai da wata takarda a hannu da za ta nuna su wane ne a wajensa. Kwana goma sha ɗaya suka yi a can. Har yau Baffa ba ya son a tada zancen kwanakin nan, ni ma ba zan tada ba.

Da na dawo aka ba ni su, amma ba irin bayarwar gida ba. Yaran suna hannun hukuma, ni mai riƙo ce kawai. Aka zo aka duba gida, aka ɗauki zanen yatsunmu, muka zauna ajin horo. Ni da na goya uwarsu, sai ga wata yarinya sa'ar 'yar cikina tana koya mini yadda ake lallashin yaro. Na haɗiye, saboda Auta tana da sikila, kuma katin Medicaid da ya zo tare da ita shi ke biyan maganinta da ganin likitan jini. Medicaid ita ce inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, kusan kyauta ce.

Bayan shekara ɗaya da wani abu aka ce mu yanke shawara, ko mu mayar da su 'ya'yanmu a gaban kotu. A nan maigida ya tsaya. Ya ce, "Maman Ummi, wannan ba shi ne tabannin da aka hana ba?" Muka je wajen malaminmu. Ya karanto mana ayar Suratul Ahzab da ta ce a kira su da sunayen ubanninsu, ya tuna mana labarin Zaidu ɗan Harisa, sannan ya ce abin da aka hana shi ne a shafe asalin yaro a jingina shi ga wanda ba ubansa ba. In za mu bar musu sunan ubansu, su tashi sun san ko su 'ya'yan wane ne, mu kuma rubuta wasiyya don kada rabon gado ya rikice, to takardar kotu garkuwa ce kawai. Haka muka yi. A 2019 alƙali ya sa hannu, kuma sunan mahaifinsu na nan a jikin sunansu, domin doka ba ta tilasta canza shi.

Kafin ranar kotun ne wata ma'aikaciya ta ajiye mini takarda ta ce lallai in sa hannu yanzu, in aka gama shari'a ƙofar ta rufe. Yarjejeniyar tallafin riƙo ce. Ta yi mini bayani cewa tun 1980 majalisar Amurka ta kafa wannan tsari, wanda ake kira IV-E da lambar sashensa a doka, saboda an lura mutane suna gudun ɗaukar yaran da ke da lalura, ko waɗanda suka ɗan girma, ko 'yan uwan da ba a son a raba, don tsoron ɗawainiya. Ba a duba arzikin mai ɗauka, yaron ake dubawa. Kuɗin ba ya wuce abin da ake bayarwa lokacin da yaron yake hannun hukuma, kuma yaron da ke cikin IV-E yana da Medicaid kai tsaye, ko nawa iyayen riƙonsa ke samu. Namu sun shiga ta hanya biyu, ga sikilar Auta, ga kasancewarsu wa da ƙanwa. Duk wata ana turo kimanin dala 1,600 na su biyun.

Sai na faɗi gaskiya game da kuɗin nan, domin a nan kuskurena ya samo tushe. Kunyarsa nake ji. Na ji da kunnena a wajen wani suna wata tana cewa, "Ai riƙon marayu a nan sana'a ce, biyanta ake." Ban tanka ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Ga kuma ayar Suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar marayu, wuta suke zubawa a cikinsu. Saboda haka na buɗe wa kuɗin asusu daban. Takalmin Baffa, rigar sanyin Auta, kuɗin Islamiyya, rabonsu na haya da cefane, duk ina rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Ban taɓa sayen ko ɗan kunne da shi ba. Kuma ba na zancensa da kowa, har wanda ya kamata in tambaya.

A Agustan 2023 hayar Bronx ta kore mu. Muka koma Columbus a jihar Ohio, inda abokan maigida suka riga mu, gida mai ɗaki uku da 'yar haraba a kuɗin da ba zai kama ɗaki biyu a can ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne katin Auta. Ashe dokar tarayya ta riga ta tanadi wannan: jihar da ta sa hannu a yarjejeniya ita ke ci gaba da biyan kuɗin wata, wato New York, jihar da yaron ya koma kuma ita ke ba shi Medicaid. An ɗan sha zirga-zirga da kiran waya, amma katin Ohio ya fito kafin maganinta ya ƙare. Na yi hamdala na manta da mu manya. Tamu inshorar ta New York ta tsaya da muka bar jihar, maigida direba ne mai zaman kansa, ni kuma aikin da na samu ba cikakken lokaci ba ne, ba ya zuwa da inshora.

Ranar 1 ga Nuwamba aka buɗe rajistar shekara ta inshorar nan da ake kira Obamacare, wadda dokar 2010 ta kawo. Ohio ba ta da shafinta, HealthCare.gov ake shiga. Akwai wani bawan Allah a cikin jama'armu mai ɗan ofis, yana cike wa mutane fom, yana aika kuɗi gida, yana yankan tikitin jirgi. Wajensa muka je. Ba zan ce mugu ba ne, ya taimaki mutane da dama. Amma wanda ya iya abu goma sama-sama wata rana sai ya kai ka ya baro.

Ya tambayi abin da muke samu a shekara. Muka haɗa na maigida bayan an cire kuɗin mai da gyaran mota, da nawa albashin, ya kama kusan dala 44,000. Sai ya ce, "Hajiya, akwai wani kuɗi da ke shigowa? Ki faɗi duka, mutanen nan suna ganin komai a kwamfuta." Gabana ya faɗi. Na kalli maigida. Na ce a raina, in na ɓoye na yi ƙarya, in aka gano kuma a ce mun damfari gwamnati da kuɗin marayu, ina zan sa kaina? Na faɗa masa. Ya lissafa na wata goma sha biyu, dala 19,200, ya ɗora a kai. Muka tashi daga masu 44,000 muka zama masu 63,000 da 'yan kai. Da aka zo wajen adadin mutanen gida ya ce tunda yaran biyu suna da katinsu, ba sai an sa su ba, mu uku ne masu neman inshora. Maganar ta yi kama da hankali. Na gyaɗa kai.

Ku dubi abin da ya faru a nan. Kuɗin yaran ya shiga lissafinmu, su yaran kuma sun fita. Kuɗin da shekara huɗu ina kaffa-kaffa da shi kada ya taɓa nawa, da bakina na sa aka rubuta shi da sunana.

Sai daga baya na fahimci yadda awon yake. Duk shekara gwamnati tana fitar da layin talauci gwargwadon yawan mutanen gida. A 2023 na mutum uku dala 24,860 ne, na mutum biyar 35,140. Ana ɗaukar abin da gida ke samu a auna da layinsa. Ohio tana cikin jihohin da suka faɗaɗa Medicaid tun 2014, don haka babban da gidansa bai wuce kashi 138 cikin 100 na layin ba yana samunta, wato kusan dala 48,500 ga mutum biyar a 2023. Mu da 44,000 muna ƙasa da haka sosai. Amma a yadda aka cike mana, 63,000 a kan mutum uku, mun ɗan haura kashi 250, wurin da ko rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi a kan kuɗin ganin likita ya ƙare. Aka ba mu ragi a kan kuɗin inshorar na wata-wata, muka riƙa biyan dala 200 da ɗoriya, amma inshorar ba ta fara biyan manyan abubuwa sai mun kashe dubbai daga aljihunmu.

Maigida yana da suga da hawan jini tun muna Bronx. Da ya karanta adadin da za mu fara biya da kanmu, sai ya ninke takardar ya ce, "To, wannan ai ta ajiya ce." Likitan da ya kamata ya nema a sabon gari bai nema ba. Maganin da ya taho da shi yana ta ja masa rai, yau ya sha gobe ya tsallake. Na yi magana har na gaji. Namiji in ya ƙudura cewa ba zai jawo wa gida bashi ba, ko ƙafarsa na ruɓewa sai ya ce ƙaiƙayi ne. Kuma kusan hakan aka yi. A Fabrairun 2024 wani ɗan ciwo a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi cikin dare. Ummi ce ta kira motar asibiti. Kwana uku ya yi a kwance ana yi masa ƙarin ruwa da allurai. Likita ya ce da an ƙara mako guda da sai an yanke yatsan. Takardar kuɗin da ta biyo baya na ɓoye ta a ƙarƙashin littafin nan mai baƙin bango, na kasa nuna masa.

A farkon Maris, ana saura kwanaki a fara azumi, na kwashi takardunmu na je cike harajin shekara. A da wani muke biya a Bronx ya yi mana, ni sa hannu kawai nake. Wannan karon ba kuɗi, sai wata abokiyar aikina 'yar Somaliya ta nuna mini shirin VITA, inda masu aikin sa kai da hukumar haraji ta horar suke cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta. Na faɗa hannun wata tsohuwar Baturiya mai gilashi a rataye da sarƙa. Tana ware takardu ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan wasiƙar tallafin yaran, ta karanta, ta tura mini ita gefe ta ce wannan ba ta shiga.

Na ce mata kuɗi ne fa, duk wata yake shigowa.

Ta ce ta sani. Amma hukumar haraji ba ta ɗauke shi a matsayin samun iyaye ba, taimakon jin ƙai ne da aka bayar don yaron, kuma haka hukuncin yake tun shekarun 1970. Ba a biya masa haraji, ba a ma rubuta shi a fom ɗin. Sai ta ƙirga 'ya'ya uku a ƙarƙashinmu, ta rubuta gida mai mutum biyar.

Na yi shiru, sannan na ce, to a wajen inshora fa? Ta cire gilashin ta dube ni. Ta ce inshorar Obamacare da Medicaid ta manya irinmu dukkansu da ma'aunin haraji suke aiki. Ana ɗaukar kuɗin da ake biya wa haraji, a ƙara wasu 'yan abubuwa ƙidayayyu, kamar kuɗin fanshon gwamnati da ba a cire wa haraji ba da abin da mutum ya samo a ƙasar waje. Tallafin riƙo ba ya cikinsu. Yaran kuma, ko da suna da katinsu, muddin muna sa su a harajinmu to mutanen gida ne, ana ƙirga su, sai dai a nuna cewa ba su ake nema wa inshora ba. Ta tambaye ni me muka rubuta. Da na faɗa mata, ba ta ce komai ba, ta ɗauko wata 'yar takarda ta rubuta mini lambar masu taimakon rajista na kyauta, waɗanda aka horar musamman don wannan aikin.

A mota na zauna na yi kuka mai isata. Ba kukan kuɗin ba ne kaɗai. Abin da ya tsaya mini shi ne, dokar mutanen nan ta faɗi abin da ni ma na yi imani da shi, cewa wannan dukiyar yaran ce, ba tawa ba ce. Littafina da fom ɗinsu magana ɗaya suke yi. Da na buɗe baki na tambayi wanda ya sani, ko da ma'aikaciyar da ta ba ni yarjejeniyar ce, da minti biyu ya isa. Maganar wata mata a wajen suna ce ta rufe mini baki shekara da shekaru, ita kuwa na tabbata ta manta ta ma faɗa.

Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba. Matar da ta taimaka mana ta cire 19,200, ta mayar da Baffa da Auta cikin gida, nan take shafin ya nuna an tura bayananmu ga Medicaid ta Ohio. Ita Medicaid ba ta da lokacin rajista, ko yaushe ana nema. Ta kuma ce mu roƙi a waiwaya baya, domin a dokar wancan lokacin ana iya biyan kuɗin asibiti na wata uku kafin watan da aka nema in mutum ya cancanta a lokacin. Ta ja mana kunne kada mu soke tsohuwar inshorar sai amsa ta zo a rubuce. Bayan ƙaramar Sallah wasiƙa ta iso, ni da maigida da Ummi duk an karɓe mu, kuma abin da ya rage na kwanciyar Fabrairu ya shiga ciki. Ranar ce na fito da takardar da na ɓoye na nuna masa. Ya daɗe yana kallon adadin, sannan ya ce, "Maman Ummi, ke kaɗai kika riƙe wannan duk azumin nan?" Na ce ai shi ma ya riƙe ƙafarsa shi kaɗai.

Kuɗin watannin da muka biya ma bai tafi duka ba. A farkon 2025 aka aiko mana da fom 1095-A, wanda ke nuna ragin da aka ba mu, aka daidaita shi da ainihin samunmu a fom 8962. Da yake an ba mu ƙasa da abin da ya kamata, bambancin ya dawo cikin kuɗin haraji. A shekarun nan, daga 2021 zuwa ƙarshen 2025, ragin ya fi na da yawa saboda dokar da aka yi lokacin korona, wannan ma ya taimaka. Abin da bai dawo ba shi ne jijiyoyin ƙafar maigida. Har yanzu yatsun ba sa jin taɓi sosai, kullum da dare sai na duba masa su da fitilar waya.

Na koma wajen mai ofishin nan. Maigida ya ce in bari, na ce a'a, ba faɗa zan yi ba. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, abu kaza da ka sa mana ba ya shiga, yaran kuma da ka cire suna shiga." Ya ɗan ɓata rai, ya ce shi dai ya san gara a faɗi da yawa da a faɗi kaɗan. Na gane tsoronsa, domin wanda ya rage samunsa ana iya bin sa bashin ragin a ƙarshen shekara, kuma ya ga waɗanda hakan ta faru da su. Amma ƙarin ma yana da nasa farashin, mu mun biya shi da ƙafa. Ya ce ya ji. Ko ya ji ɗin, Allah masani.

Wani abu kuma da na koya a hanya, ba kowane kuɗin yaro ne hukuncinsa ɗaya ba, kuma ba kowane ofishi ne ke awo da mudu ɗaya ba. Masu tallafin abinci da masu gidajen gwamnati kowa da nasa lissafin. Yanzu duk fom ɗin da aka miƙo mini sai na ambaci kuɗin da sunansa, in ce tallafin riƙo ne na IV-E, in nuna yarjejeniyar, in tambaya ko a nan yana shiga. Na daina sunkuyar da kai in zan faɗa.

Abin da ke gabana yanzu Baffa ne. Akwai dokar da ta ba yaran da suka cika shekara 18 suna hannun hukuma damar riƙe Medicaid har su kai 26. Na ɗauka har da shi, ashe babu, domin shi ya fita daga hannun hukuma tun ranar da alƙali ya sa hannu a 2019. Katinsa na yanzu yana rataye ne da yarjejeniyar riƙo, in ta zo ƙarshe sai a auna shi da ma'aunin kowa. Na Auta ya fi damuna, sikila ba ta san an cika shekara ba, amma ita da sauran lokaci. Baffa zai cika 18 a 2029. Na rubuta shekarar da jan biro a bangon jakar takardunsu, ranar da ya gani ya tambaye ni, "Inna, me zai faru a 2029?" Na ce masa ya ɗauko kujera, na buɗe jakar, muka fara daga takardar farko mai sunan babansa.